Murar tsuntsaye: yadda take yaɗuwa da yadda take kama dabbobi masu shayarwa

Murar tsuntsaye cuta ce da ƙwayar bairos ta dangin mura nau'in A ke haddasawa. Asalin mazauninta tsuntsayen ruwa ne na daji, kamar agwagi da dinya, waɗanda galibi ke ɗauke da ita a hanjinsu ba tare da sun nuna rashin lafiya ba. Ana rarrabe nau'o'inta da haruffan H da N, sunayen wasu sinadarai biyu da ke bayan ƙwayar. Daga nan aka samu suna irin H5N1.

Tsuntsun da ya kamu yana fitar da ƙwayar ta kashinsa da majinarsa da yawunsa. Tsuntsaye masu ƙaura ne ke tsallaka ƙasashe da ita, amma da zarar ta shiga gonar kaji, mutane da kayan aiki ne suka fi yawo da ita: takalman ma'aikata, tayoyin mota, kejin kaji, kiret ɗin ƙwai da kuma takin kaji. Kasuwannin kaji masu rai, inda ake cakuɗa kaji da zabi da agwagi daga wurare daban-daban, suna cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta. Ƙwayar takan daɗe a raye cikin ruwa da sanyi.

Masana sun kasa cutar gida biyu, mai sauƙi da mai tsanani. Kafin ƙwayar ta iya shiga jiki, dole wani sinadari na jikin tsuntsun ya tsaga sinadarinta na H. A nau'i mai sauƙi, hakan na faruwa ne a hanyar numfashi da hanji kaɗai, shi ya sa alamun ba su wuce tari da raguwar ƙwai ba. Amma idan nau'in H5 ko H7 ya daɗe yana zagayawa cikin kaji, yakan sauya ta yadda tsagawar za ta yiwu a kusan ko'ina cikin jiki. A nan ne ƙwayar ke kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jini hari. Kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, gudawa ta biyo baya, kuma kusan duka kajin gona na iya mutuwa cikin kwana biyu.

Kama mutum yana yi wa ƙwayar wuya, domin irin makamar da take liƙewa a jikin tsuntsu ba ta da yawa a hanci da maƙogwaron ɗan Adam, sai can cikin huhu. Wannan ne ya sa ba ta cika yaɗuwa tsakanin mutane ba, amma idan ta kama, takan jawo ciwon huhu mai tsanani. A Hong Kong a 1997, mutum 18 suka kamu, shida suka rasu. Alade kuwa yana da makama iri biyu, don haka murar tsuntsu da ta mutum na iya haɗuwa a jikinsa su yi musayar sassan gadonsu guda takwas, sabon nau'i ya fito.

A shekarun baya-bayan nan H5N1 ta ƙara kutsawa cikin dabbobi masu shayarwa. A 2023 ta kashe dubban dabbobin teku a gaɓar Kudancin Amurka, a watan Maris na 2024 kuma aka gano ta a shanun madara a jihar Texas ta Amurka, inda ta taru a hantsa da madara. Kyanwoyin da suka sha ɗanyar madarar sun mutu.

Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ɓullar H5N1, a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, cikin Fabrairun 2006. A farkon 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas, ta kuma sake ɓulla a Kano da Legas a 2015. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ce ke gwajin samfurori.

Likitocin dabbobi na shawartar masu kiwo su hana kajinsu haɗuwa da tsuntsayen daji, su killace sababbin kaji, su kuma kai rahoton mutuwar ba-zata maimakon yanka marasa lafiya a kai kasuwa. Dafa nama da ƙwai har zafin ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyos yana kashe ƙwayar.