Birni Matsattse da Gari Mai Shimfiɗuwa: Kano da Maraɗi Idan Aka Hange Su Daga Madarumfa

1. Gabatarwa

Abin da matafiyi daga Kano ya kan fara faɗi idan ya sauka Maraɗi shi ne garin akwai fili. Mutumin Maraɗi kuwa in ya shiga cikin Birnin Kano, ya bi lungunan da ke kewaye da kasuwar Kurmi, ya kan ce ai nan ba a numfashi. Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa bambancin nan bai samo asali daga ɗabi'ar mutanen garuruwan biyu ba, kuma yawan jama'a kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. Tarihi ne ya haifar da shi, kuma tarihin bai daɗe sosai ba. Za mu kuma duba lamarin daga wajen gari, wato daga ƙauyukan yankin Madarumfa da ke kudancin Maraɗi, domin a ganinmu a can ne ake biyan kuɗin yalwar da baƙo yake yabawa.

2. Birane biyu masu ganuwa

A ƙarni na 19 Kano da Maraɗi duk birane ne masu ganuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta soma ginin ganuwar ga Sarki Gijimasu (1095-1134), ya kuma danganta faɗaɗa ta da kafa kasuwar Kurmi ga Muhammadu Rumfa (1463-1499). Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa cikin ganuwar cike yake da gidaje tun asali. Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Saura gonaki ne da lambuna. Barth ma a 1851 ya ƙiyasta kimanin 30,000. Ke nan an gina ganuwar ne da yalwa da gangan, domin in an yi wa birni ƙawanya a samu wurin noma da wurin saukar mutanen karkara da dabbobinsu. Cunkoson yana tattare ne a unguwannin da ke kusa da kasuwa da fada.

Maraɗi kuwa gari ne na ƴan gudun hijira. Bayan da jihadi ya kori sarakunan Haɓe daga Birnin Katsina a wajajen 1807, zuriyarsu suka yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi a wajajen 1819. Wurin da aka zaɓa cikin kwari yake, a bakin Gulbin Maraɗi, inda kurmi yake kare gari daga dawakin abokan gaba, ruwa kuma ba shi da zurfi. Gobirawa ma suka kafa Tsibiri kusa da nan bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Muddin ana yaƙi da Katsina da Sakkwato, babu mai sha'awar gina gida nesa da ganuwa. Saboda haka tsohon Maraɗi, wanda Philippe David ya yi nazarin fasalinsa a 1964, matsattsen gari ne mai karkatattun lunguna, ƙanin Katsina a tsarin unguwanni da sarautu.

3. Ambaliyar 1945 da abin da ya biyo baya

Iyakar da hukumar Tilho da O'Shee ta shata tsakanin 1906 da 1908 ta bar Maraɗi a hannun Faransa, Katsina da Kano a hannun Ingila. Daga nan hanyoyin garuruwan biyu suka rabu.

A Kano, Turawan Ingila sun bar birni a hannun sarki, suka yi nasu zaman a waje. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin baƙi daga kudu, Fagge kuma ta ci gaba da karɓar fatake. Ba a rushe tsohon birni ba, ba a kuma miƙe lungunansa ba. Abin da ya cika shi sannu a hankali shi ne haihuwa da rabon gado. Gida ɗaya mai zaure da tsakar gida da turaka ya kan zama sassa uku ko huɗu a hannun jikoki, kowa ya ta da katanga ya fasa ƙofarsa. Gonakin da Clapperton ya gani suka zama unguwanni. Daga baya har kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini aka riƙa cikewa ana gini a kansu, abin da ya toshe wa ruwan sama mafaka.

A Maraɗi ruwa ne ya yanke hukunci. A damanar 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye babban sashe na tsohon garin. Hukumar mulkin mallaka ta yi amfani da damar ta mayar da jama'a kan tudu, inda ta riga ta kafa ofisoshinta da kantunan kamfanonin sayen gyaɗa. Aka shata tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, aka raba feguna masu kusurwa huɗu. Unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci da Mokoyo sun hau tudu da sunayensu da masu unguwanninsu, amma fasalinsu na da ya rage a kwari. Muhimmin abin lura shi ne daga wannan shekara bunƙasar gari ta zama aikin hukuma: a zo da ma'auni, a yanka, a kafa duwatsu, a ba da takarda. Wannan shi ne abin da ake kira lotisma. Ganuwa tana da iyaka, amma lotisma ba ta da ita, sai dai inda kwari ya tare ta ta yamma.

Alƙaluman ƙidaya sun nuna saurin abin. Maraɗi tana da mutane kimanin 45,000 a 1977, kimanin 110,000 a 1988, kimanin 148,000 a 2001, sannan 267,249 a 2012. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda cinikin gyaɗa, sannan yaƙin basasar Najeriya (1967-1970), sannan fiton taba da atamfa zuwa ƙetaren iyaka suka tara dukiya a hannun ƴan kasuwar garin. Farin 1973-1974 da na 1984 kuma ya koro talakawan karkara zuwa gari. Mai kuɗi yana neman inda zai ajiye dukiyarsa, mai gudun yunwa yana neman inda zai kafa bukka, dukansu kuwa fili suke buƙata. Haka aka samu Sabon Gari da Sura Bildi, daga baya Zariya da Ali Ɗan Tsoho.

4. Zaman yau da kullum

Cunkoso yana da illolin da kowa ya sani: ƙarancin iska, kwata a tsakiyar lungu, rijiya kusa da masai, motar kashe gobara ba ta iya shiga, makara ma sai an karkata ta a wasu kwanoni. Ba sai mun tsawaita a nan ba. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne cunkoso jari ne ga wanda ba shi da jari. Binciken Enid Schildkrout a unguwannin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda matan kulle suke gudanar da sana'a ta hannun yara masu talla. Wannan tsari yana tafiya ne domin masu saye suna kusa: yarinya za ta zaga gida ashirin da farantin ƙosai ta dawo kafin ya huce. Makarantar allo tana zauren maƙwabci, masallaci yana bakin lungu, mai unguwa ya san kakan kowa. Bashin gishiri da aron turmi da barin yaro wurin maƙwabciya duk abubuwa ne da tazara take kashewa.

A sabbin unguwannin bakin Maraɗi lamarin ya sha bamban. Titi yana da faɗi, iska tana kaɗawa, kowane gida da tsakar gidansa har da wurin ɗaure tumaki. Amma tsakanin gida da gida a kan tarar da kangaye biyu ko uku da aka kewaye da katanga aka bari, domin mai su ya saya ne don ya sayar in farashi ya tashi. Wani lokaci a kan zaunar da maigadi da iyalinsa a ciki, har ranar da za a ce su tashi. Jan famfo da wutar lantarki zuwa unguwar da gidajenta suke a warwatse yana da tsada, saboda haka a kan daɗe ana jira. A kwari ana samun ruwa a kusa, a kan tudu kuwa rijiya tana da zurfi, sai a dogara ga ƴan ga-ruwa, wanda ke nufin talakan bakin gari ya kan sayi ruwa da tsada fiye da mai famfo a tsakar gida. Zuwa kasuwa ko asibiti kuma sai da kuɗin kabu-kabu. Mazaunin cikin Birnin Kano yana biya da lafiyarsa da sirrin gidansa, mazaunin bakin Maraɗi yana biya da kuɗin sufuri da na ruwa kowace safiya.

Ya kamata a yi hattara da kwatancin, domin Kano ma ta shimfiɗu. Bayan ganuwa, unguwanni sun bazu cikin ƙasar Ungogo da Kumbotso, da yawansu ta hanyar abin da Kanawa suke kira awon igiya, wato manomi ko dillali ya yanka gona da kansa ba tare da taswirar hukuma ba. Sakamakonsa shi ne a sake haifar da matsin lungu a wurin da babu tsohuwar zumuntar da take sauƙaƙa shi. A ra'ayinmu wannan ya fi kowane ɗayan biyun muni.

5. Daga Madarumfa

Garin Madarumfa yana kimanin kilomita 25 kudu da Maraɗi, an kuma fi saninsa da tabkinsa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta. Amma yankin da yake shugabanta, wanda ya haɗa da Jiratawa da Safo da Sarkin Yamma da Gabi da Ɗan Isa, shi ne yake maƙwabtaka da Maraɗi ta kudu. Ƙidayar 2012 ta ba shi mutane kusan 450,000, kuma yana cikin yankunan karkara mafi cunkoso a Nijar. Ke nan gari mai yalwar tituna yana faɗaɗa ne cikin karkarar da ba ta da rarar ƙasa.

A nan ne kwatanci da Kano yake da amfani ƙwarai. Michael Mortimore ya bayyana yadda ƙauyukan da ke kewaye da Kano a shekarun 1960 suke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da hutu ba. Sirrin shi ne taki: jakuna suna shiga birni da itace da hatsi, su fito da shara da toka da kashin dabbobi zuwa gonaki. Matsattsen birni yana tara taki a wuri guda, manomi kuma yana nan a gonarsa. Gari mai shimfiɗuwa kuwa gonar kanta yake buƙata. Idan lotisma ta iso, a kan ba mai gona wani kaso na fegunan da aka yanka, ya sayar ya yi aure ko ya sayi babur ko ya tafi Makka, bayan ƴan shekaru kuma ya wayi gari ba gona ba kuɗi. Tun kafin ma'auna su iso ma, ƴan kasuwa da ma'aikata sukan riga su saye gonakin bakin hanya. Dokar ƙasar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, abin da ya kare manomi daga ƙwace, amma kuma ya tabbatar masa da ikon sayarwa. Inda gonaki suka ƙanƙance, mata ne suke fara rasa gayauna, domin ba su da ƙarfin faɗa a wajen rabo.

Ba ƙasa kaɗai garin yake ja daga kudu ba. Itacen girkinsa ya daɗe yana fitowa daga dajin Baban Rafi, inda aka kafa kasuwannin itace na karkara a shekarun 1990 domin mutanen ƙauye su samu rabonsu daga cinikin. Kayan miya suna zuwa daga fadamun gulbi da filin noman rani na Jiratawa. Gulbin kansa ya rage kawo ruwa tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina a farkon shekarun 1990, abin da ya shafi noman fadama da cikar tabkin Madarumfa. Manomin yankin yana tsakanin madatsa ta kudu da ma'aunin lotisma ta arewa, kuma ba a shawarce shi a kan ko ɗaya ba.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Duk hanyar da za ta shiga Maraɗi daga Jibiya dole ta ratsa ƙasar Madarumfa. Isowar jirgi Kano a 1911 ita ce ta ja nauyin garin zuwa wajen ganuwa, ta mayar da gonakin gabashin birni tasha da kantuna da unguwannin baƙi. Aikin da ya dace ɗaliban wannan sashe su soma tun yanzu shi ne bin rajistar hukumomin filaye na Jiratawa da Ɗan Isa ƙauye bayan ƙauye, a rubuta wanda ya sayar da gona, da wanda ya saya, da shekarar da aka yi cinikin.