Ƙaiƙayin Dubura da Dare a Tsakanin Yaran Kafinsoli: Wankan Asuba da Maimaita Magani

Tsakure

Maƙalar na nuna cewa tsutsar Enterobius vermicularis na daga cikin manyan musabbaban ƙaiƙayin da ke hana yara barci, kuma sauƙi mai ɗorewa yana ga wankan asuba da maimaita magani bayan mako 2.

Gabatarwa

A Kafinsoli, kamar sauran garuruwan Kankiya da Kusada, idan yaro ya kwana yana susa, akan ce basir ne ko ɗankanoma, ko a ɗora wa shan zaƙi. Saɓanina mafi girma yana tare da masu dogaro da gwajin bahaya. Wannan tsutsa ba ta zuba ƙwai a cikin hanji, don haka gwajin kan fito babu komai alhali yaro na fama. Tun 1941 wani mai bincike mai suna Graham ya bayyana hanyar manna salatif a dubura da sassafe, kuma maimaita ta safiya 3 a jere na gano kusan kashi 90 cikin 100.

Hanyar Bincike

An bi abin da aka tabbatar game da rayuwar tsutsar, aka auna shi da tsarin kwanciya da cin abinci a gidajen yankin.

Sakamako

Macen tsutsar, fara mai tsawon milimita 8 zuwa 13, tana fitowa bayan yaro ya yi barci, ta manna ƙwai kimanin 10,000 a fata. Motsinta da danƙon ne ke kawo ƙaiƙayin. Cikin awa 4 zuwa 6 ƙwan ya nuna, ya isa harbi. Ke nan wanda aka zuba da tsakar dare yakan shirya zuwa asuba. Yaro ya sosa, ƙwai ya maƙale a farce, hannu ya shiga kwanon koko ko ɗumamen da 'yan'uwa ke tarayya a kai. Shi ya sa wankan da ya fi amfani shi ne na asuba, da sabulu, kafin karin kumallo; na yamma yana zuwa bayan aikin gama ya gama. Abin takaici, kakkaɓe tabarma da zanin rufa a cikin ɗaki, wanda uwa ke yi don tsafta, yana tayar da ƙwan ya bi iska, kuma yakan rayu har mako 2 ko 3. A naɗe su a hankali, a wanke, a shanya a rana.

Mebendazol miligiram 100 ko albendazol 400 na kashe tsutsa amma ba sa taɓa ƙwai. Dole a maimaita bayan kwana 14, kuma duk mutanen gida su sha rana ɗaya. Shafa basilin da yanke farce na rage susa kafin nan.

Iyakoki

Ba a ƙidaya yaran garin ba. Wannan aiki ne na daban da ɗaliban makarantar fasahar lafiya ta Kankiya za su iya ɗauka. Masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 2 sai da shawarar ma'aikacin lafiya.