Tarihin da Aka Rubuta a Ƙarƙashin Gada

A shekara ta 1848, bayan yaƙi, ƙasar Meziko ta rasa wajen rabin ƙasarta ga Amurka. Mutanen Kalifoniya da sauran yankunan ba su yi ƙaura ba, iyaka ce ta tsallake su. Daga baya waɗansu suka biyo su, musamman sa'ad da juyin juya hali ya ɓarke a Meziko a 1910. Jikokin waɗannan mutane su ne Cikano. Da farko sunan raini ne, amma a shekarun 1960 matasa suka ɗauke shi suka mai da shi abin taƙama.

A birnin San Diyego akwai unguwarsu da ake kira Bariyo Logan. Hukuma ta ratsa tsakiyarta da babban titi, sa'an nan a 1969 aka buɗe gadar Koronado, wadda ginshiƙanta suka tsaya a inda gidajen mutane suke a dā. An yi wa mazauna alkawarin filin shaƙatawa a ƙarƙashin gadar, ɗan abin share hawaye ke nan.

Ran 22 ga Afrilu, 1970, wani ɗalibi mai suna Mario Solis ya ga motocin tone ƙasa a wurin. Da ya tambaya, sai ya ji ashe ofishin 'yan sandan hanya za a gina. Ya bi ajujuwa da gidaje yana faɗa. Kafin yamma ɗalibai da iyaye da tsofaffi sun kewaye motocin, suka kama shuka itatuwa da furanni. Kwana 12 suka yi a wurin, har hukuma ta yarda a zauna a tattauna. Filin kuwa ya zama nasu.

Amma ginshiƙan fa? Ba mai iya kawar da su. Wani mai zane ɗan unguwar, Salvador Torres, ya daɗe yana cewa a yi musu fenti, aka kuwa fara a 1973, bisa tafarkin manyan masu zanen bango na Meziko irin su Diego Rivera. Abin da littattafan makaranta suka bari a waje, shi suka ɗora a kan siminti: kakanninsu Aztek, da Emiliano Zapata mai neman gonaki domin talakawa, da Cesar Chavez shugaban ƙwadagon gona, da Maryamu ta Gwadalupe, wadda ma'aikatan gonakin inabi suka riƙe tutarta a gaba sa'ad da suka taka daga Delano zuwa Sakramento a 1966. Tsohuwar da ba ta iya karatun Turanci ba tana iya tsayawa da jikanta ta nuna masa da yatsa. Waɗansu zane-zanen ba su da gwaninta sosai, gama hannuwa da yawa ne suka yi su, har da na 'yan koyo, wannan kuwa bai rage musu daraja ba.

A 2016 gwamnatin Amurka ta sa filin cikin wuraren tarihi na ƙasa.