Hajara Ta Yi Tambaya Kafin Ta Miƙa Wuya

A Gaya da Ajingi da wuya ka zaga unguwa ɗaya ba ka ji an ƙwala wa wata Hajara kira ba. Duk shekara kuma matan yankin nan suna tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano su je su yi safa da marwa, zagaye bakwai tsakanin duwatsu biyu masu tazarar kusan mita 450. Amma in ana ba da labarin mai sunan a Islamiyyar matan aure ko wurin nasihar amarya, abu ɗaya ake cirowa: ta yi haƙuri. Ni ina ganin an rage mata daraja. Hajara zaɓi ta yi, da idonta biyu.

Tarihinta yana hannun Musulmi da Kirista duka. A Baibul, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, Littafin Farawa sura 16 ya ce ita Bamasariya ce, baiwar Saratu matar Annabi Ibrahim, kuma da zama ya yi tsami ta gudu da juna biyu zuwa wata maɓuɓɓuga a hanyar Shur, inda mala'ika ya same ta ya yi mata albishir da Isma'ila. Sura 21 ta ce an sallame ta da gurasa da salkar ruwa, ruwan ya ƙare a jeji, ta ajiye yaron ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa, sai Allah Ya buɗe idonta ta ga rijiya. Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, amma aya ta 37 a Suratu Ibrahim ta kawo addu'ar mijinta Annabi Ibrahim game da kwarin da ba shi da shuka. Dogon hadisin Ibn Abbas a Sahihul Buhari shi ya cike sauran: Annabi Ibrahim (AS) ya bar mata dabino da ruwa ya juya, ta bi shi tana tambayar inda za shi, bai waiwayo ba, har ta tambaya ko Allah ne Ya umarce shi. Da ya ce e, sai ta ce in haka ne Allah ba zai tozarta su ba, ta koma.

Wani zai ce ai baiwa ba ta da zaɓi, inda aka ajiye ta nan za ta zauna. Gaskiya ne ba ita ta zaɓi wurin ba. Amma a duba yadda abin ya gudana. Ta bi mijin, ta maimaita tambaya, ba ta natsu ba sai da ta san daga wa umarnin ya fito. Da a ce biyayya ga mutum take yi, juyawarsa kawai ta ishe ta amsa. Wani kuma zai ce littattafan sun saɓa, ɗaya yana maganar jejin Biyer-sheba, ɗaya Makka. Sun saɓa a wuri, babu musu, kuma kowa yana riƙe da nasa. Sai dai dukansu sun haɗu a kan mace ita kaɗai da ɗanta, ruwa ya ƙare, Allah bai manta da ita ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na matan karkara su kansu. A ƙauyukan gabashin Kano, da an shigar da gero da dawa maza da yawa suna tafiya ci-rani, wasu su yi ta aike, wasu kuma shiru kake ji har damina ta kama. In matar ta kai kuka gidan iyaye, sai a ce mata, "Ki yi haƙuri 'yata, dubi Hajara." Wannan kwatanci bai zauna ba, kuma cutarwa ce. Annabi Ibrahim da wahayi ya tafi, ya bar guzuri, ya tsaya a hanya ya ɗaga hannu yana yi musu addu'a. Magidancin da ya kashe waya ya bar rumbu wayam babu wahayin da ya sauko masa, ciyarwa tana wuyansa, kuma matarsa tana da haƙƙin yin tambayar da Hajara ta yi, a gaban waliyyi ko alƙali. Sannan ita Hajarar ba zama ta yi tana jira ba. Da ruwa ya ƙare ta hau Safa ta duba, ta sauko kwari da gudu, ta hau Marwa, sau bakwai. Yau maza alhazai ne ke sassarfa a daidai inda ta yi gudun, sarki da talaka, suna bin sawun baiwa.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika kaiwa gare shi a wa'azi ba. Da ruwan Zamzam ya ɓulɓulo, ta tare shi da ƙasa tana ɗiba a salka. Can sai matafiya 'yan ƙabilar Jurhum suka hango tsuntsu yana shawagi, suka gane akwai ruwa, suka zo neman izinin sauka. Ta yarda su zauna, da sharaɗin cewa ba su da iko a kan ruwan, suka amince. Cikinsu Isma'ila ya tashi, ya koyi Larabci, ya yi aure. A riwayar, babu wani namiji da ya tsaya ya yi wannan yarjejeniya a madadinta.