Abotar Bakin Daga: Manema Labarai da Sojojin Haya a Yaƙin Basasar Nijeriya, 1967–1970

Gabatarwa

Wutar da ta zama yaƙin basasar Nijeriya a Kaduna ta fara kamawa, ran 15 ga Janairu 1966, daren da Manjo Chukwuma Nzeogwu ya kashe Sardaunan Sakkwato, Alhaji Sa Ahmadu Bello. Kafin shekarar ta ƙare, kashe-kashen da suka auku a garuruwan Arewa sun sa Inyamurai ƙaura zuwa Gabas, rumfunansu na Babbar Kasuwar Kaduna, wadda daga baya aka sa wa sunan Shaihu Abubakar Gumi, suka zama wayam. Ran 30 ga Mayu 1967 Laftanar-Kanar Ojukwu ya yi shelar ɓallewar Biyafara, aka fara ɓarin wuta ran 6 ga Yuli. Maƙasudin wannan lacca shi ne duba wasu baƙi iri biyu da yaƙin ya jawo, watau manema labarai da sojojin haya, da irin abotar da ta ƙullu tsakaninsu, da kuma illar da ta yi wa tarihin yaƙin.

Su wane ne baƙin

Kowane ɓangare ya yi hayar Turawa. Gwamnatin Tarayya ta sami jiragen yaƙi ƙirar MiG daga Rasha a 1967, ta nemo matuƙa daga Masar, sa'an nan ta ƙara da na Ingila da Afirka ta Kudu. Biyafara kuwa ta ɗauki Jan Zumbach, mutumin Polan, da Roger Faulques, Bafaranshe, wanda ya zo da mutum wajen hamsin a ƙarshen 1967, amma mafi yawansu suka tattara nasu ya nasu cikin 'yan watanni. Waɗanda suka daure kaɗan ne: Rolf Steiner Bajamushe, da Taffy Williams, da Alexander Gay, da Marc Goossens mutumin Beljiyam. Da yawansu a yaƙin Kwango suka san juna, wasu a tutar ɗaya suka yi faɗa kafin kuɗi ya raba su a Nijeriya.

Manema labarai ma sun shigo ta hanyar da sojojin hayan suke bi, watau jiragen dare da ke sauka a filin Uli. A nan ne buƙata ta haɗa su. Ɗan jarida yana son mota da mai da wanda zai kai shi bakin daga ya kuma komo da shi. Sojan haya yana son a buga sunansa a Turai, domin suna shi ne jarinsa a kasuwar yaƙi ta gaba. Hausawa sun ce abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa. Wanda ya fi shahara a wannan hulɗa shi ne Frederick Forsyth, wanda ya fara zuwa a matsayin wakilin BBC, ya bar aikin a 1968, ya koma Biyafara ya zama aminin Ojukwu da sojojin hayansa. Ya rubuta The Biafra Story a 1969, sa'an nan a 1974 ya fitar da The Dogs of War, ƙagaggen labari da ya gina bisa halayen waɗannan abokai nasa. Sai a 2015 ya bayyana cewa tun zamanin Biyafara yake kai wa hukumar leƙen asirin Ingila labari.

Wa ya tsira, wa ya halaka

Ba a musun cewa akwai jaruntaka da amana a cikin wannan abota. Ran 2 ga Oktoba 1968 aka harbi Priya Ramrakha, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Kenya, a wani kwanton ɓauna kusa da Owerri, abokin aikinsa Morley Safer yana cikin waɗanda suka ɗauke shi, amma rai ya yi halinsa. A watan Nuwamba na shekarar aka kashe Goossens a harin da Steiner ya kai Onica. Gilles Caron ya ɗauki hoton sojojin Biyafara suna ɗauke da gawarsa, hoton ya zagaya duniya, alhali kuwa ɗimbin samarin da suka faɗi a wannan hari babu jaridar Turai da ta san sunan ko ɗayansu.

Duk da haka, yawancin baƙin sun fita da ransu, dalili kuwa a fili yake: suna da fasfo, suna da kujera a jirgin dare. Har an yi ta zargin cewa matuƙan hayar Tarayya ba su ba da himma wajen rushe filin Uli ba, domin tsofaffin abokansu ne ke sauka a can, kuma ƙarewar yaƙi ƙarewar albashi ce. Steiner kansa, da Ojukwu ya kore shi bayan asarar Onica, Kudancin Sudan ya nufa, aka yi masa shari'a a Hartum a 1971, aka sake shi a 1974. Ajalin wasu kuwa a wani yaƙin yake jiransu, kamar Caron da ya ɓace a Kambodiya a 1970.

Abotar da ba a buga ba

Akwai wata abota wadda ta fi wannan nauyi, ko da yake ba ta sami masu ɗaukar hoto ba. Nzeogwu haifaffen Kaduna ne, yana jin Hausa, har sunan garin ya zama laƙabinsa. Da aka kashe shi kusa da Nsukka a watan Yuli 1967 yana yaƙi a gefen Biyafara, Gowon ya ba da umarni aka kawo gawarsa Kaduna aka binne shi da cikakkiyar girmamawar soja. Amininsa Olusegun Obasanjo, wanda ya karɓi saranda daga hannun sojojin Biyafara a Janairu 1970, shi ne ya rubuta littafi a kansa a 1987. Hafsoshin ɓangarorin biyu 'yan aji ɗaya ne, sun ci abinci a kwano ɗaya, wannan kuwa yana cikin abin da ya sauƙaƙa sulhun da Gowon ya yi shela, cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci.

Haka kuma a tsakanin talakawa. Bayan 1970 Inyamurai sun komo Kaduna da Kano da Zariya, da yawansu suka tarar an tsare musu gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu, saɓanin rigimar dukiyar da aka bari wadda ta daɗe tana ci a Fatakwal. Ciniki ya sāke haɗa Bahaushe da Inyamuri a layukan Babbar Kasuwa.

Kammalawa

Sojojin haya ba su canja sakamakon yaƙin ba, amma abotarsu da masu alƙalami ta ba su shafuka fiye da rabonsu. Nijeriya ta koyi darasi: wakilanta ne suka kai shawarar da ta zama sashe na 47 na ƙarin yarjejeniyar Janiba ta 1977, wanda ya hana sojan haya matsayin fursunan yaƙi, a shekarar kuma Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta zartar da yarjejeniyar haramta aikin a Libarbil. Saura aikin masana tarihi. Tsofaffin kofe na New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, da takardun Gidan Arewa, da bakin dattawan da suka ga yaƙin da idonsu, su ne za su daidaita ma'aunin, kuma wajibi ne a hanzarta, domin dattawan nan kullum raguwa suke yi.