Daga Baltimore zuwa Duniyar Wata: Yadda Injin Huda Ya Rabu da Waya

A farkon watan Agustan 1971, wani ɗan sama-jannatin Amurka mai suna David Scott ya gamu da matsalar da kowane kafinta ya sani: bakin injin hudarsa ya maƙale, ya ƙi fita. Sai dai shi ba a shago yake ba, a duniyar wata yake, kusa da wani kwazazzabo da ake kira Hadley. A tafiyar Apollo 15 aka ɗora masa aikin haƙo ƙasar wata daga can ciki. Bututun haƙar ya nutse har kimanin mita 2.4, amma zaro shi ya gagara. Sai washegari shi da abokin tafiyarsa James Irwin suka sa kafaɗa a ƙarƙashin mariƙin injin, suka yi ta kokawa har ya fito. Scott ya dawo gida da ciwon kafaɗa.

Babu soket a wata, don haka da batir injin yake aiki. Kamfanin Martin Marietta ne ya haɗa shi tare da Black & Decker. Daga nan ne maganar nan ta bazu cewa hukumar NASA ce ta ƙirƙiro injin huda marar waya. Ba haka ba ne. Shekara goma kafin Scott ya taka wata, injin yana kan kanta a shagunan Amurka.

Huda katako tsohuwar sana'a ce. A jikin bangon kabarin Rekhmire, wani waziri na tsohuwar Masar, akwai zanen masassaƙa suna huda katako da ɗan ƙarfe wanda ake juya shi da igiyar baka. Dubban shekaru aka yi ƙarfin damtse ne ke juya mahuji. Lantarki bai shigo ba sai 1889, lokacin da Arthur James Arnot da William Blanch Brain suka yi rajistar wani injin huda a Melbourne ta Ostareliya. Nasu na fasa dutse da kwal ne a mahaƙa, ba abin da mutum zai ɗauka a hannu ba ne. A 1895 kamfanin Fein na garin Stuttgart a Jamus ya ƙera wanda ake iya ɗauka, mai nauyin kilo 7.5, wanda sai an riƙe shi da hannu biyu ana danna shi da ƙirji.

Siffar da kowa ya sani a yau daga Baltimore ta fito. A 1910 wasu samari biyu, Duncan Black da Alonzo Decker, suka buɗe ɗan shagon ƙera kayan inji. A 1917 aka ba su takardar mallakar wata dabara mai sauƙi: a yi wa injin mariƙi irin na ƙaramar bindiga, a sa makunnin a inda kunama take. Ana ba da labarin cewa wata bindiga ƙirar Colt da ke ajiye kan tebur ce ta jawo musu tunanin. Ko ma mene ne asalinsa, ma'aikaci ya samu damar riƙe injin da hannu ɗaya, ya kunna ya kashe da yatsa ba tare da ya ɗauke ido daga aikinsa ba. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, babu kamfanin da ya kawo siffar da ta ture wannan.

Yadda injin ya shiga gidajen talakawa kuwa, sata ce ta buɗe hanya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun kayan yaƙi sun yi ta sake odar injinan huda fiye da ƙima. Da kamfanin ya bincika, sai ya gano ma'aikata ne ke ɗauke su suna tafiya da su gida. Maimakon fushi, sai Black & Decker ya ga kasuwa. A 1946 ya fitar da ƙaramin inji mai araha don magidanta.

Sauran waya. Ita ce ke ɗaure ma'aikaci a gindin soket, ta harɗe ƙafa a kan tsani, ta hana aiki a ginin da ba a ja wa wuta ba tukuna. A 1961 Black & Decker ya fitar da inji na farko marar waya, da batir na nikel da kadmiyam, irin wanda wani Basuwide mai suna Waldemar Jungner ya ƙirƙiro tun 1899. An yi ta yabon fasahar, amma masu sana'a ba su ruɗu ba. Ƙarfinsa kaɗan ne, cajinsa na ɗaukar sa'o'i, kuma idan ya mutu a tsakiyar aiki sai dai a jingine shi a koma wa mai waya.

Japanawa ne suka warware wannan ƙulli. Kamfanin Makita, wanda ya fara a 1915 a birnin Nagoya a matsayin shagon gyara da sayar da injinan lantarki, ya fitar da wani inji mai lamba 6010D a 1978. Ƙarfinsa bolt 7.2 ne kacal. Abin da ya bambanta shi, batirinsa ana zare shi daga mariƙi kamar yadda ake zare kwanson harsashi, a zura wani. Kafinta mai batir biyu ba ya tsayawa: ɗaya na aiki, ɗaya na kan caja. Daga ranar, injin da batirinsa suka zama kaya biyu masu farashi biyu, kuma duk abin da ya biyo baya a wannan kasuwa daga nan ya samo tushe.

Makita ya mamaye wuraren gine-gine a Amurka, Black & Decker kuwa ya jawo wa kansa raini. A 1984 ya sayi sashen ƙananan kayan gida na General Electric, sai sunansa ya bayyana a kan dutsen guga da na'urar gasa burodi. Wane ƙwararren kafinta ne zai shiga cikin abokan aiki riƙe da inji mai suna ɗaya da dutsen gugar matarsa? Maganin da kamfanin ya samo yana cikin abin da ake koyar da ɗaliban kasuwanci har yau. Yana da wani tsohon suna a ajiye, DeWalt, na kamfanin zarton inji da Raymond DeWalt ya kafa, wanda ya saya tun 1960. A 1992 ya ɗauko sunan, ya shafa wa kayansa na ƙwararru launin rawaya, ya sake shiga kasuwa. Masu sana'a suka yi rububi. Da yawansu ba su ma san gida ɗaya ba ne.

Daga nan aka shiga tseren bolt: 9.6, 12, 14.4, har 18. Kowace ƙwayar batirin nikel bolt 1.2 take bayarwa, saboda haka kafin a kai 18 sai an jera ƙwaya 15. Wanda ya taɓa wuni yana ɗaura silin da irin wannan inji ya san abin da wuyan hannunsa ya gaya masa da daddare. Ga shi batirin yana zubar da cajinsa ko a ajiye yake. Ga kuma kadmiyam, wanda guba ne. Tarayyar Turai ta yi wa kayan aiki marasa waya sassauci na wasu shekaru, sannan daga ƙarshen 2016 ta haramta sayar da sabbin batiran kadmiyam a cikinsu.

A lokacin ma kasuwa ta riga ta juya. Kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, fasahar da ta sa aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019. Kamfanin Bosch ya sa shi a wata 'yar na'urar ɗaure sukuru mai suna Ixo a 2003. A 2005 kamfanonin Milwaukee da Makita suka sa shi a manyan kayan aiki. Ƙwayar litiyam ɗaya bolt 3.6 take bayarwa, biyar sun isa su ba da 18. Nauyi ya ragu, kuma ana iya ajiye batir wata da watanni a dawo a tarar da caji. Daga baya aka zo da injin da ba shi da buroshin gawayi a ciki, wanda ba ya ɗumi sosai, ba ya shan batir kamar na da, kuma babu buroshin da zai cinye a canza.

A nan ne 'yan talla suka samu abin wasa. Ƙwayar da aka cire daga caja yanzu-yanzu tana nuna wajen bolt 4, kafin ta sauka zuwa 3.6 da an fara aiki. Biyar sau huɗu, 20. Shi ya sa DeWalt ke rubuta 20V Max a kwalin da yake sayarwa a Amurka, ya rubuta 18V a Turai, alhali ƙwayoyi biyar ɗin nan ne a ciki. Mai sayen da ya ƙara kuɗi don ya ga 20 ya fi 18 bai sayi komai ba sai rubutu. Lambar da ke faɗin daɗewar aiki ita ce wadda ke gaban haruffan Ah. Batir mai 2.0 yawanci ƙwaya biyar ne, mai 4.0 ko 5.0 ƙwaya goma ne a layi biyu. Idan aka ninka bolt da wannan lamba, an samu yawan wutar da ke ciki: 18 sau 2 ya ba da 36, 18 sau 5 ya ba da 90. Ƙwayoyin kansu, waɗanda da yawansu ake kira 18650 saboda kaurinsu milimita 18 ne tsawonsu 65, galibi ba masu injin ke ƙera su ba. Daga kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic da Murata ake sayo su. Batirin jabu kuwa yakan zo da kwanso mai kyau da lamba mai girma, a ciki ƙwayoyi marasa suna.

Kowane kamfani ya yi wa batirinsa baki na daban. Na Makita ba ya shiga DeWalt, na Bosch ba ya shiga Milwaukee. Ba kuskure ba ne. Wanda ya sayi inji da batir biyu da caja, idan zai sayi zarto ko injin goge ƙarfe gobe, gidan nan zai koma, domin ya sayi gundarin injin kawai ba tare da batir ba. Ryobi ya yi suna da cewa bai canza bakin batirinsa na bolt 18 ba tun 1996, har batirin yau yana shiga injin wancan zamani. A 2018 kamfanin Metabo na Jamus ya haɗa wasu kamfanoni kan batir iri ɗaya, amma manyan kasuwar ba su shiga ba. Sunayen ma sun fi masu su yawa: DeWalt da Craftsman da Black & Decker duk na Stanley Black & Decker ne, wanda aka haɗe a 2010, Milwaukee kuma na kamfanin TTI ne na Hong Kong tun 2005, wanda shi ne ke ƙera kayan Ryobi da ake sayarwa a Amurka da Turai.

Garanti ma yana da nasa tarihin. Shagunan Sears ne suka saba wa Amurkawa da shi, da kayan Craftsman da suka fara sayarwa a 1927: sufana ta karye, ka kawo a ba ka sabuwa, ko shekara nawa ta yi. Amma wannan alkawari na kayan hannu ne, bai taɓa haɗawa da masu inji ba, domin ƙarfe zalla daban, abin da ke juyawa yana ɗumi daban. A 1975 majalisar Amurka ta yi dokar Magnuson-Moss, wadda ta tilasta wa kamfani ya bayyana ko garantinsa cikakke ne ko mai iyaka. Kusan duk na injin huda mai iyaka ne. A Amurka DeWalt da Makita kan ba da shekara uku, Milwaukee shekara biyar a kan yawancin injinansa, amma wa'adin batir yakan gaza haka. Kamfanin Ridgid ya yi alkawarin gyara da canjin batir muddin mai kayan na raye, bisa sharaɗin a yi rajista cikin kwana 90. A Tarayyar Turai doka ce ta ɗora wa mai sayarwa alhakin shekara biyu. Shi kuwa Sears, uban alkawarin, ya sayar da Craftsman a 2017, ya durƙushe a 2018.

Duk waɗannan alkawura suna da iyakar ƙasa. Injin da aka sayo a Amurka aka kawo Kano ko Maradi, sabo ne ko na hannu, ya baro garantinsa a can. Cajarsa ma takan zo da matsala: yawancin cajojin Amurka na wutar bolt 120 ne, ta Nijeriya da Nijar kuwa ta kai 220 zuwa 230, kuma da an jona kai tsaye sai hayaƙi. Duk da haka, wuya a samu inda injin ya fi amfani kamar inda wuta ba ta da tabbas. Mai haɗa sola a kan rufi, mai aikin alminiyam, mai kafa dish, kafintan da ke ɗaura kwano, duk sun huta da tayar da janareta saboda rami huɗu. Abokin gabarsu zafi ne. Litiyam yana saurin tsufa idan ana barinsa a rana ko cikin rufaffiyar mota, ko ana ɗora shi kan caja yana da ɗumi, kuma batirin da ya yi shekaru a sito ya riga ya fara lalacewa ko ba a taɓa amfani da shi ba.

Mai shiga kasuwa neman wannan inji, kafin ya tambayi ƙarfinsa, ya tambayi kuɗin batirinsa shi kaɗai, ya kuma tabbatar ana samunsa a garin. Ya juya cajar ya karanta irin wutar da take ɗauka. Idan mai shago ya ce akwai garanti, ya sa a rubuta masa a rasit: wata nawa ne, ya haɗa da batir ko bai haɗa ba, kuma wa zai gyara.