Gobarar da Ta Haifi Dokoki

Hausawa kan ce gobara daga kogi, maganinta Allah. To, wadda sakaci ya haddasa fa?

Ran 25 ga Maris, 1911, wuta ta kama masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle a birnin Niyok na Amurka. Mutum 146 suka halaka, yawancinsu 'yammata, domin wata ƙofar fita a kulle take. Kotu ta sallami masu masana'antar.

Amma majalisar jihar ba ta bar maganar ta sha ruwa ba. Ta kafa kwamitin bincike mai ikon kiran shaidu da duba masana'antu. Rahotanninsa suka haifar da dokoki fiye da 30, ciki har da tilasta koya wa ma'aikata hanyar tsira.

Jama'a, kotu mai laifi take nema; bincike kuwa musabbabi yake tonowa, don kada a maimaita.